Sa Hannun Magajiya: Shafi na 23

Salamu alaikum 'ya'yana da jikokina. Ku yafe mini shirun kwana huɗun nan, gwiwa ce ta tasa ni gaba, in na zauna rubutu sai ta ce ba ta san zancen ba. Taslima ta Garu, na ga saƙonki, wai in na bari aka ɗaure Magajiya kin daina karatu. 'Yar nan, ba ni na sa mata hannu a takarda ba. Ni ma zuciyata a hannu take kamar taki.

Waɗanda suka shigo mana yau, ku matso in gaya muku inda muke. Hajiya Hawawu 'yar tsohon gidan Hausawa ce a Salaga, aure ya kai ta Bawku, can ta manyanta har matan kasuwar albasa suka naɗa ta Magajiyarsu. Shekara uku da suka wuce gwamnati ta ware kuɗi don yashe dam-dam na noman rani, aka kira abin Asusun Noman Rani, aka sa Magajiya cikin hukumar asusun ta wakilci mata. Sakataren hukumar kuwa Abdul-Manan ne, ɗan gidan malamai a Yendi, mijin 'yarta ta fari Mubarika. Ba a yashe dam ko ɗaya ba. Kuɗin an ɗauke su an kai wani banki a ƙasar waje, wai su haihu da dala kafin a fara aiki, bankin ya rufe ƙofa da su a ciki. Takardar da ta ba da izinin fitar da su hannu biyu ne a kanta: na shugaban hukuma, wanda ya rasu bara, da na Magajiya. Yau ne kwamitin bincike zai saurare ta.

To, mu koma.

Da hantsi Magajiya ta gama shiri tana zaune a bakin gado, kokon da aka kawo mata ya huce a kwano ba ta taɓa ba. Mubarika ta zo tun jiya daga Tamale, tana ta kai da kawowa a tsakar gida, ta share inda ta riga ta share. Sai ga sallama a zaure.

Malam Alidu ne, baffan Abdul-Manan. Tsoho ne mai farin gemu, rabin unguwarsu a Yendi a gabansa suka yi karatu. Ya ce a hanya ya kwana don kada ya makara. Aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofar ɗaki, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi zafi, har ya tambayi mutanen Salaga ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ga tsawon gaisuwar nan ya san abin da ke bayanta ba mai daɗi ba ne.

Daga ƙarshe ya gyara zama ya ce aiko shi aka yi. Yaron ba zai iya zuwa gabanta da kansa ba, ita ma ta sani, kunya ba za ta bar shi ba. Saƙon shi ne, in an kira ta, ta ce ta karanta takardar, ta fahimta, ta yarda, da kyakkyawar niyya ta sa hannu. Lauya ya ce mace mai shekarunta ba za a tsananta mata ba. Ko da an kai ga ɗauri, ba zai yi tsawo ba, kuma za a tsaya mata.

Magajiya ta kalli kwanon koko.

"Shi ɗan naku fa?"

"Hannunsa ba ya kan takarda ko ɗaya, Hajiya."

"Malam, a can da Alƙur'ani ake rantsuwa. Kai ka koya wa yara wanke allo. In ɗora hannu in ce na karanta abin da ban karanta ba?"

Malam Alidu ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ya ce ya yi wannan tambayar shi ma, lauya ya ce ba dole sai da Alƙur'ani ba, mutum zai iya ɗaga hannu kawai ya yi alkawarin faɗin gaskiya.

"Oho. Shi wanda ya ɗaga hannu kawai Allah ba ya ganinsa ke nan."



Ku da ba ku tashi a irin gidajenmu ba sai kun yi haƙuri in bayyana muku, don na ga wasu a saƙo suna ce mata sakarya. Magajiya ba jahila ba ce. Ta yi makaranta har aji shida a Salaga, tana karanta Turanci a hankali, ba mai cutar ta a kasuwa. Amma ta tashi a gidan da uwarta, in ta hango mijin 'yarta a lungu, sai ta koma bayan rijiya ta tsaya da tulunta har ya wuce. Suruki ba a kallon idonsa, ba a kiran sunansa, ba a ci a gabansa, balle a tsare shi da tambaya. Shekara goma sha huɗu da auren Mubarika, Magajiya ba za ta iya gaya maka ko Abdul-Manan yana da tabo a fuska ba. A taron hukuma a Tamale, da ya miƙe zai yi bayani sai ta ja mayafi ta karkatar da kujera, wani lokaci ma ta fita baranda har ya gama. Manyan mutane suna yaba mata, suna cewa ga tarbiyyar da ta ɓace. Takarda kuwa in ta fito daga gare shi, a wurinta buɗewa a karanta daidai yake da ce masa ɓarawo. Sai ta tambayi inda za ta sa hannu, ta sa.

Haka ma 'yar fari. Tun da ta haifi Mubarika ba ta taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan".

Magajiya ta ɗago ta ce wa Malam Alidu ita ba ta da niyyar tozarta kowa. Amma in an tambaye ta daga ina takarda ta fito, za ta ce daga ofishin sakatare, ba sai ta kira suna ba, su je su tambaye shi.

Tsohon ya yi ajiyar zuciya.

"Hajiya, ya taɓa miƙa miki takarda hannu da hannu?"

"Ka san ba zai yi ba."

"Ya taɓa shigowa ɗakin nan?"

"A'a."

"To wa ke kawowa?"

Tsintsiyar da ke tsakar gida ta tsaya.

Malam Alidu ya ce shi ma sai jiya a hanya lauya ya gaya masa ta waya, da ya sani tun a Yendi da bai hau mota ba. A littafin ofis, duk takardar da ta fita zuwa wurin Magajiya, Mubarika ce ta sa hannu ta karɓa. Ba nan abin ya tsaya ba. Akwai wani ɗan kamfani da ya yi dillanci tsakanin asusun da bankin na waje, aka biya shi la'ada mai kauri kafin bankin ya rufe. Kamfanin nan da sunan Mubarika aka yi masa rajista. In Magajiya ta nuna ofishin sakatare, sakatare zai ce shi bai ba ta komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Daga nan bincike kan 'yarta zai sauka.

Ya miƙe yana kaɗe riga. Ya ce ya isar da saƙo, amma ta shaida bai ce mata ta yi ƙarya ba, ya dai faɗi abin da aka ce ya faɗa. Magajiya ta ce ta shaida. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba ya fita.

"Ke. Shigo."

Mubarika ta shigo ta durƙusa nesa da gado. Mace mai 'ya'ya uku, malamar makaranta, amma a ranar kamar yarinyar da ta fasa tulu.

Uwar ta tambaye ta ko gaskiya ne. Ta ce gaskiya ne akwai kamfani, amma ita ba ta taɓa ganin ko sidi ɗaya ba. Ya kawo mata takardu wata rana tana tsakiyar girki, ya ce ma'aikacin gwamnati ba a yarda ya buɗe kamfani da sunansa ba, wannan na makomar yara ne. Ta goge hannu ta sa masa.

"Kin karanta?"

"Mma, ke kin karanta?"

Maganar ta ratsa Magajiya har ƙashi.

Sai Mubarika ta fashe da kuka mara sauti. Ta ce akwai abin da ta ɓoye shekara uku. Ranar da ake neman matar da za a sa a hukuma, ta ji shi a waya da marigayi shugaban. Shugaban yana so a ɗauko wata tsohuwar ma'aikaciyar banki daga Bolgatanga, shi kuwa ya ce a'a.

"Me ya ce?"

"Mma, ki bari."

"Me ya ce?"

"Ya ce, a sa surukata. Ita ko takardar sayar da gidanta na aika mata ba za ta ɗaga ido ta tambaye ni ba."



"Ke kuma kika yi me?"

"Dariya na yi. Na zaci yabon ki yake yi."

Wallahi 'ya'yana, da na zo wurin nan sai da na ajiye waya na sha ruwa. Ka kwashe shekaru kana girmama mutum da abin da uwarka ta koya maka, ashe shi ya auna abin nan ya ga daidai girman ƙofar da zai bi ya fita da kaya.

Magajiya ba ta yi kuka ba. Ta tambayi yaran suna ina, aka ce suna Yendi wurin kakarsu ta wajen uba, shi ya kai su shekaranjiya. Ta gane abin da hakan ke nufi, Mubarika ma ta gane.

Mubarika ta rarrafo ta kama ƙafar uwar. Ta ce in aka kira sunanta yau, ita za a kama, aikinta ya tafi, yaran kuma ba za a bar mata ko ɗaya ba. Ƙaramar ko daɗewa ba a yi da yaye ta ba. Ta ce ta san abin da take roƙo ba shi da kyau, amma ba ta da wurin zuwa.

"Tashi ki wanke fuska. Ni na sa hannu, ni zan ɗauka."

"Mma..."

"Na ce tashi. Kada mu makara su ce Magajiya ta gudu."

Suka hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, har bakin zauren taro. Rana ta riga ta yi zafi. A gindin bishiyar darbejiya da ke ƙofar, mata sun fi talatin a zaune a ƙasa, duk masu noman rani ne daga ƙauyukan hanyar Garu. Da bakin Magajiya suka kama gonaki a ƙasan dam, don ita ta bi su ƙauye-ƙauye tana cewa gwamnati ta ware kuɗi, ta gani da idonta, bana ruwa zai kai su har albasa ta nuna. Ruwa ya ƙafe tun albasa ba ta fara kai ba. Shekara biyu a jere.

Da suka gan ta sai Zuwera ta miƙe. Bazawara ce, tsohuwar ƙawar cinikin Magajiya, shekara ashirin tana kawo mata albasa. Ta rame har zanenta ya zagaye ta sau biyu. Ta gaishe ta da Hausarta irin ta Bawku, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Magajiya, ka kwana lafiya?"

"Lafiya lau, Zuwera. Ya yara?"

Zuwera ta ce yara biyu suna gida. Babbar, wadda Magajiya ta yi wa alkawarin keken ɗinki, ta bi mota zuwa Kumasi tun watan jiya, tana dakon kaya a kasuwa, tana kwana a bakin shago. Rabon da ta kira waya kwana tara.

"Ba mu zo zagi ba. Mun zo mu ji da kunne namu. Kowa ya ce ba shi ba, ba shi ba. Kai kaɗai muka sani. Abin da ka faɗa yau, shi za mu kai gida."

Magajiya ta dafa kafaɗar Zuwera ta wuce.

Zauren ya cika. A gaba dogon tebur ne, mutum biyar a zaune, a tsakiyarsu shugabar kwamiti, Madam Alimatu, tsohuwar alƙaliya 'yar Gambaga, da tabarau a kan hanci. Aka zaunar da Magajiya a layin gaba. Mubarika ta wuce layi na uku ta zauna kusa da mijinta, don nan ya nuna mata. Magajiya ba ta waiwaya ba, takalmansa kawai ta gani sa'ad da take wucewa, baƙaƙe masu sheƙi.

Aka fara da wani babban ma'aikaci da ya zo daga Accra. Ya yi Turanci mai santsi, tafinta yana juyawa. Ya ce a lokacin darajar kuɗinmu, sidi, tana zubewa kullum, ƙa'ida kuma ta yarda a ajiye kuɗin hukuma a waje in ba a fara aiki da su ba, niyyar ita ce a kare dukiyar talaka.

Madam Alimatu ta tambaye shi wa ya binciki lafiyar bankin kafin a kai kuɗin. Ya ce wannan ba aikin ofishinsa ba ne, na wani kwamiti ne. Ta ce ina kwamitin? Ya ce an rushe shi. Ta ce rahoton da ya kamata a riƙa kawowa duk wata uku fa, wa ke karantawa? Ya ce ana ajiyewa a fayil. Ta ce shekara biyu dam ba ruwa, ba wanda ya ɗaga waya ya tambayi ina kuɗin yashe dam? Ya ce su tsari suke yi, aiwatarwa ta hukumar asusu ce.

Wata tsohuwa daga baya ta ce da ƙarfi, "Shi wannan me ake biyansa ya yi?" Aka yi dariya, ɗan sanda ya tsawatar.

Magajiya tana ji tana lura. Kowa ya zo da wanda zai ɓuya a bayansa. Wannan ya ɓuya bayan ƙa'ida, ƙa'ida ta ɓuya bayan kwamiti, kwamiti ya mutu. Ita kaɗai ce in ta waiwaya bayanta ba kowa sai 'yarta.

Sai aka kira sakatare.

Da jin takunsa hannunta ya kai ga mayafi ya ja shi gaba, kanta ya sunkuya. Ko a yau ɗin jikinta bai daina ba.

Muryarsa a natse take, irin ta 'ya'yan malamai. Ya ce shi ma'aikaci ne, abin da hukuma ta yanke yake rubutawa. Ya ce shi da kansa ya ba da shawarar a yi taka-tsantsan. Aka tambaye shi wa ya fi matsawa a kai kuɗin waje. Ya yi ɗan shiru kamar abin yana masa nauyi, sannan ya ce yana jin kunyar faɗa, don uwa ce a gare shi. Amma 'yan kasuwa sun fi kowa sanin daɗin dala. Wakiliyar mata ce ta dage, marigayi shugaba ya bi ta don girmanta.

Zauren ya ɗauki guna-guni. Daga ƙofa aka ji wata ta ce, "Magajiya?" a hankali, kamar mai tambayar hanya.

A layi na uku Mubarika ta juya ta kalli mijinta yana dawowa wurin zamansa. Ya zauna, ya gyara hula, ya raɗa mata cewa lauya ne ya ce a faɗi haka, ta kwantar da hankalinta.

"A kira Hajiya Hawawu."

Ta miƙe da ƙyar. Magatakarda ya tambaye ta da me za ta rantse. Ta ce tana da alwala, a kawo Alƙur'ani. Ita kanta ba ta san lokacin da bakinta ya faɗi haka ba. Ta ɗora hannu.

Madam Alimatu ta ce wa tafinta ya huta, ta juya harshe zuwa Hausa.

"Magajiya, sannu da zuwa. Wannan hannunki ne?"

Aka nuna mata takardar. Ta ce nata ne.

"Kin karanta kafin ki sa?"

Ta kalli Alƙur'anin da ke kan tebur.

"Ban karanta ba."

"Ba ki iya karatu ba?"

"Na iya."

"To me ya hana?"

"Kunya."

Wasu samari 'yan jarida suka yi murmushi. Madam Alimatu ba ta yi ba. Ta cire tabarau ta ce ita ma uwarta haka take da mijin yayarta, ta gane. Sannan ta tambaya ko gaskiya ne ita ta dage a kai kuɗin waje. Magajiya ta ce ko sunan ƙasar ba ta iya faɗa ba, a rediyo ta fara jin sa, ranar da aka ce bankin ya rufe.

"To wa ya kawo miki takardar?"

"Ranki ya daɗe, ni na sa hannu. Laifin nawa ne. A yi mini abin da doka ta ce."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Ni tsohuwa ce, na ci zamanina. A bar shi a kaina."

Madam Alimatu ta jingina da kujera. Ta ce bari ta gaya mata gaskiya, mace da mace. Kuɗin da bankin ya haɗiye wataƙila sai a shekara goma ana shari'a a ƙasar mutane, ba wanda ya san abin da zai dawo. Amma akwai la'adar da aka cire tun kafin kuɗin su ƙetare, ita tana cikin ƙasar nan, a hannun wani, kuma ta isa a yashe dam uku ko huɗu kafin damina. In Magajiya ta ɗauki laifi ta yi shiru, shi ke nan, an sami mai laifi: mamaci ɗaya da tsohuwa ɗaya. Za a rufe fayil, manyan da suka zo daga Accra su koma a jirgin yamma, wanda ya ci la'ada ya ci. Matan da ke ƙofa kuma su koma su jira shekara ta uku.

"Ni ba zan iya bin sawun da ba a nuna mini ba. Ke kaɗai kika san hannun da ya miƙo miki takardar nan."

Magajiya ta waiwaya wajen ƙofa. Matan sun taso daga gindin bishiya sun cika bakin ƙofa da tagogi. Zuwera tana gaba, ta riƙe ƙarfen taga da hannu biyu.

Sannan ta waiwaya layi na uku. 'Yarta ta haɗa tafin hannu biyu a ƙirji tana girgiza kai, hawaye har wuya.

Ta tuna ƙaramar jikarta da ke Yendi, wadda ba ta barci sai an goya ta. Ta tuna 'yar Zuwera a bakin shago a Kumasi, kwana tara ba waya. Ta ce a ranta, ya Allah, da ka ɗauki raina da asuba da ka yi mini gata.

"Magajiya, muna jira."

"A ɗakina aka kawo mini."

"Wa?"

"Yarinyar nan."

"Wace yarinya?"

"Wadda na haifa."

Madam Alimatu ta ce a hankali, ta san abin da take nema a wurinta ba ƙarami ba ne, amma magatakarda ba zai rubuta "yarinyar nan" ba.

"Suna muke so."

Shekara talatin da shida sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ranar suna ma da liman ya faɗa, ɗaki ta shige. Ta riƙe gefen tebur, leɓenta yana motsi ba sauti. Sai da ta gwada sau biyu.

"Mubarika."

Ta numfasa, ta ƙara, muryar ta fi ta farko ƙarfi.

"Mubarika ce take kawowa. Ita ma ba ta karanta ba. Ku tambaye ta wa ke ba ta."

Ɗan sanda ya tura mata kujera, ta zauna.

Madam Alimatu ta mai da tabarau ta ce in Mubarika tana cikin zauren nan, ta taso.

Mutanen layin gaba duk sun juyo. Mubarika ta miƙe, ta fito tsakanin kujeru. Taku biyu ta yi ta ji an riƙe ta ta baya. Abdul-Manan ne ya kama bakin mayafinta, yana zaune, fuskarsa da murmushi don masu kallo. Bai ɗaga murya ba, amma zauren ya yi shirun da har na layin baya suka ji.

"In kika isa teburin can, a bakin aurenki. Yara kuma kin san inda suke."

Ta tsaya cak.

Magajiya ta ɗago kai. A karon farko tun da aka ɗaura auren nan ta kalli fuskar surukinta, ta tsare shi da ido ba ta ƙifta ba. Shi ne ya kau da kai.

Mubarika ta kalli uwarta a kan kujera, tsohuwa ta ƙanƙance kamar an zare mata ƙashi. Ta kai hannu wuya ta kwance mayafin, ta ci gaba da tafiya da ɗankwali kawai. Mayafin ya rage a hannunsa.

Ta isa teburin. Magatakarda ya miƙo Alƙur'ani, ya ce ta faɗi cikakken sunanta.

Ba ta karɓa ba tukuna. Ta waiwaya, ta ga kujerarsa ba kowa sai mayafi a yashe, shi kuma yana ratsa mutane ta gefen bango, waya a kunne.

"Ranki ya daɗe," in ji Mubarika, "a fara tsare ƙofar can."